Masu gyaran sabar imel ɗinmu: aiki ya yi, sai dai samunsu a waya

Duk mai neman waɗanda za su duba masa sabar imel, samarin nan da muka ɗauka a ofis sun san aikinsu gaskiya. Tamu Postfix ce, wato manhajar aikawa da karɓar imel, a kan tsarin kwamfuta na Ubuntu, sai ta tsaya cak, saƙo baya shiga baya fita, masu turo mana suna ganin lambar 452 wai babu wurin ajiya. Wanda yake duba mana a da kashewa kawai yake ya kunna, ta ɗan farfaɗo zuwa la'asar ta sake kwanciya.

Abun da ya burge ni basu goge komai ba wallahi. Suna zuwa suka buga umarnin mailq mai nuna saƙonnin da ke jira suka ga layin saƙonni ya cika maƙil, sai suka tsare su gaba ɗaya da umarnin postsuper -h ALL don kar takardun kwastomomi su salwanta, sannan suka zauna suna bin mail.log, fayil ɗin da sabar take rubuta duk abun da ta yi, layi-layi. Ashe wani abokin aikinmu ne ya tafi hutu ya saka amsar nan mai tafiya da kanta, can kuma kamfanin da muke sayen kaya wajensu na'urarsu ita ma duk saƙon da ya shigo sai ta ce mun samu, shikenan wannan ta amsa waccan ta amsa dare da rana har faifan ajiya ya cika. Na ce to ai Postfix tana da iyaka, saƙo in ya wuce zango 50 daga saba zuwa saba tana dawo da shi, sai ogan nasu ya ce ai Alhaji kowace amsa sabon saƙo ce, lissafin daga farko yake tashi. Nan na gane.

Sun gyara amsar ta koma sau ɗaya a mako ga kowane mutum, kuma ta daina kula saƙon da na'ura ta aiko. Sun kuma gano sabon adireshinmu MX ɗinsa, wato bayanin da ke nuna inda za a kai saƙo, yana nuna sabar amma ba a saka shi a mydestination ba, wato jerin adireshin da sabar take karɓa a matsayin nata, shi ya sa saƙonninsa suke ta komawa.

Ƙorafina biyu ne. Kuɗinsu akwai zafi, ba ragi ko sisi, sannan ranar Juma'a in ka kira bayan masallaci sai dai ka haƙura zuwa Litinin. In za ka ɗauke su ku yi maganar ƙarshen mako a rubuce tun kafin ka biya.