TJA1042T da TJA1042T/3: ƙafa ta biyar ce ke raba su

Masu gyaran ƙwaƙwalwar mota a Sabon Gari da ɗaliban injiniya a Samaru duk aisi guda suke nema idan layin CAN, wato wayoyi biyu da ƙwaƙwalen mota ke magana da juna ta kansu, ya yi shiru, kuma sau da yawa mai shago TJA1042 kawai zai miƙo, bai damu da abin da ke ƙarshen lambar ba. Alhali aisin nan, wanda ke haɗa firosesa da layin, kala biyu ne: TJA1042T (T a taƙaice) da TJA1042T/3 (T/3). Na yi aiki da kala biyun a kan bod daban-daban. Dukansu na kamfanin NXP ne, ƙafa takwas, jiki ɗaya, wutar 5V suke ci a ƙafa ta 3, wayoyin layin biyu kuma, CANL a ta 6, CANH a ta 7. A ido Hassan da Husaini ne. A bod kuwa ba sa zama a kujerar juna.

A TJA1042T ƙafa ta 5 sunanta SPLIT. Wuta take fitarwa, rabin ta ƙafa ta 3, wato 2.5V, ana kai ta tsakiyar rizisto biyu masu om 60 da ke rufe layin, tare da kafasita zuwa ƙasa, yawanci 4.7nF. Aikinta daidaita layin lokacin da babu mai magana, hayaniya ta ragu. A T/3 kuwa wannan ƙafar VIO ce, wuta take karɓa, daga 2.8V zuwa 5.5V, ita ke gaya wa aisin da wane ƙarfin wuta firosesa ke magana.

To ga inda ake ƙonewa. Idan aka ɗora T a gurbin T/3 a bod mai firosesan 3.3V, aisin yana jiran TXD, ƙafar da firosesa ke turo masa saƙo ta kanta, ta kai kashi 70 cikin ɗari na 5V, wato 3.5V, kafin ya tabbatar sama take. 3.3V ba ta kai ba. A kan teburi da safe yana iya yin aiki lafiya lau, shi ya sa ake ruɗuwa. A bar motar ta sha ranar Afrilu a titin Kano, saƙo ya fara tsinkewa, na'urar sikanin ta fito da U0100, lambar da ke nuna an daina jin ƙwaƙwalwar inji. RXD kuma, ƙafar da ke mayar wa firosesa saƙo, 5V take turawa cikinsa. Firosesan STM32F103 yana jurewa a ƙafarsa PA11, amma ESP32 da ɗalibai ke so ba a yi shi don 5V ba. Ga SPLIT ɗin tana ta kokawa da layin 3.3V a banza.

Akasin haka ya fi sauƙin ganewa: T/3 a gurbin T, VIO ba ta samu wutar kirki ba, aisin ya janye daga layin ya yi gum. Wannan yana gyaruwa idan firosesan 5V ne. A yanke hanyar da ta zo ƙafa ta 5, a haɗa ta da ta 3 da siririyar waya. An rasa SPLIT, amma layin zai yi magana.

Saboda haka kafin a kunna bulowa, na'urar iska mai zafi da ake cire aisi da ita, a bi ƙafa ta 5 da mita. Ta je tsakiyar rizisto biyu ko ba ta je ko'ina ba, T ne. Ta je layin wuta da kafasita 100nF a gefenta, T/3 ne. Rubutun bayan aisi kada a dogara da shi shi kaɗai, don ana samun waɗanda aka goge aka sake bugawa.

Ƙafa ta 8, STB, wadda ke sa aisin barci idan tana sama, ita ma tana da nata tarkon. A dukansu biyun an ja ta sama daga ciki, don haka idan dalma ba ta kama ba, aisin barci zai yi. Wani aisin CAN ɗin, TJA1051, ba haka yake ba, tasa ƙafar ta 8 ƙasa aka ja ta, shi ya sa wanda ya saba da wancan yake shan mamaki a nan.

Kuma ba kullum laifin aisi ba ne. A cire batir, a auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar sikanin: om 60 ake so. Idan 120 ya fito, rizisto ɗaya ya fita daga layin, ko waya ta tsinke, aikin mai rewaya ne.

A ganina T/3 ya fi cancantar a ajiye a akwati. Yana zama da 3.3V da 5V duka, kuma a yanayin barci VIO kaɗai ta ishe shi jin motsi a layin ko an kashe 5V, abin da ke sauƙaƙa wa batirin motar da ke kwana biyu a fake. T kuwa sai bod ɗin da aka zana da SPLIT tun asali.