Darasin Sifaniyanci a wani zaure kusa da Ƙofar Ƙaura

Wata 3 ke nan ina zuwa darasin Sifaniyanci a zauren wani malami kusa da Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, sau 2 a mako bayan sallar isha'i. Sana'ata fatu da ƙiraga, kuma wasu daga cikin masu sayen fatun da ake jemewa a Kano daga Sifaniya suke zuwa, shi ya sa na so in iya tarbar baƙo da harshensa. Malamin ya yi shekaru a Malabo ta ƙasar Ikwatoriyal Gini, inda Sifaniyanci yake harshen hukuma.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na ba da umarni da aikatau irin su *sentarse* da *levantarse*, wato zama da tashi, waɗanda a harshen ake ɗauka mutum kansa yake yi wa aikin. Malam ya jawo kujera tsakiyar zaure, ya dubi ƙaraminmu ya ce *siéntate*, sannan ya juya ga wani dattijo da muke karatu tare, ya ɗan rusuna ya ce *siéntese*. Daga nan ya tambaye mu yadda muke ba mahaifanmu wurin zama. Ba wanda zai ce wa mahaifinsa "zauna", sai dai "Baba ya zauna" ko "a zauna". Ya ce to haka *usted*, wato "kai" ta girmamawa, take, domin asalinta *vuestra merced* ne, kusan "ranka ya daɗe" namu, saboda haka aikatau yake zuwa kamar ana maganar wani na gefe, *te* ta koma *se*. A ganina wannan kwatance ya fi jadawalin littafi amfani nesa ba kusa ba, domin ladabin da muka tashi da shi ne yake zaɓar mana kalmar.

Ya kuma ja kunnenmu cewa mutanen Sifaniya suna saurin komawa *tú*, wato "kai" ta tsakanin abokai, alhali a wasu sassan Kolombiya har cikin gida ana amfani da *usted*. Shawararsa ita ce mu fara da *siéntese* har sai baƙon da kansa ya sassauta.

Inda nake da ƙorafi shi ne umarnin hani. Nan wakilin suna yake barin ƙarshen kalma ya dawo gaba, a ce *no te levantes* (kada ka tashi) ga aboki, *no se levante* ga babba, amma a dare ɗaya aka wuce wannan, ba tare da an ba mu komai a rubuce ba. *Sentaos*, wato "ku zauna", da ake gaya wa taron abokai a Sifaniya, ambatonsa kawai aka yi, alhali ni da mutanen can nake hulɗa. Na ce masa, "Malam, a taimaka a maimaita mana hani," ya kuwa amsa cewa zai ware masa mako mai zuwa gaba ɗaya.