Jan birin Bayelsa da ɓeran Bramble Cay: wanne ya fi bukatar kulawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya a zauren nan namu na Damagaram: da birin da ake cewa yana dab da ƙarewa, da ɓeran da ya riga ya ƙare, wanne ya fi cancanta a damu da shi? Ni dai birin zan zaɓa, amma bari ka ji labarin kowanne.

Ɓeran ba irin na rumbunmu ba ne. Duk duniya a wuri ɗaya yake zaune, wani ɗan tsibiri mai suna Bramble Cay tsakanin Ostareliya da Papuwa Niyu Gini, wanda tudunsa bai wuce mita 3 a kan teku ba. Sauyin yanayi ya sa teku ta ƙaru, ruwan gishiri ya riƙa haurawa yana kashe ciyawar da yake ci, yake kuma fakewa cikinta. A 2009 aka yi masa ganin ƙarshe. Masana sun koma a 2014 da niyyar kama wasu su kiwata, ko ɗaya ba su samu ba. A 2019 gwamnatin Ostareliya ta tabbatar ya ƙare. Abin da ke ci mini rai, an san yana cikin haɗari tun da sauran lokaci, aka yi jinkiri.

Shi kuwa jan birin, wanda Turawa ke kira red colobus, ba irin namu na nan ba, yana dazuzzukan fadama na jihar Bayelsa a Najeriya, kuma sai a 1993 masana suka san da shi. Ganye yake ci, a kan itatuwa yake rayuwa. Saran katako, farauta da aikin man fetur ne suka rage shi ƙwarai. Ga wani abu mai wuya: irin wannan biri ba ya jure zaman gidan namun daji, don haka idan dajinsa ya tafi, babu inda za a ajiye shi.

To ka ga bambancin. Ɓeran teku ce ta cinye gidansa, mutanen gari ɗaya ba su iya tare ta. Birin kuwa gatari da bindiga ne, ana iya hana su, kuma mutanen Apoi, wata al'umma a Bayelsa, sun riga sun keɓe masa wani yanki na dajinsu.

Kada ka ce ba ya yiwuwa. Raƙuman dawanmu na Kure, nan Nijar, sun ragu har zuwa 49 a 1996, aka tsaya musu, yau sun haura 600, har aka kai wasu gandun dajin Gadabeji a 2018.