Ƙofar dutse ta gidajen masu sarautar Ingila da zaurenmu: ina suka bambanta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko manyan ƙofofin dutsen nan na gidajen masu sarautar Ingila da ke karkara aikinsu ɗaya da zaure ko soron gidan sarki a wajenmu. A gani na, sun haɗu ne kawai wajen nuna isar mai gida.

Ɗauki fadar Blenheim da ke garin Woodstock, inda aka haifi Winston Churchill a 1874. Ƙofar da ke fuskantar garin, mai zanen gine-gine Nicholas Hawksmoor ne ya tsara ta a 1723, bisa umarnin Sarah, matar mai fadar, basarake Duke na Marlborough na farko, shekara guda da rasuwar mijinta. Da sassaƙaƙƙen dutse aka gina ta. Mutum zai biyo titin gari, katanga ta tare masa gani, yana ratsa ƙofar sai ga tafki da gada da fadar can nesa, duk a lokaci guda. An yi ta ne don ta buɗe wa baƙo ido. Ba a zama a cikinta, wucewa ake yi, yawancin irinta ma ɗakin mai gadi ne kawai a gefe.

Zaurenmu kuwa rufe wa baƙo ido yake yi. Ƙofar shiga zaure da ta fita ba sa kallon juna, don kada na waje ya hango cikin gida. Nan baƙo ke sallama ya jira, nan malam ke ba da karatu, nan ake ɗaurin aure da zaman makoki. Gidan Rumfa a Kano, wanda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina, soro bayan soro ne, kuma a filin Ƙofar Kudu ake jahi ranar Hawan Daushe.

Wajen ƙarko dutse ya yi gaba, babu musu. Yana iya shekaru ba a taɓa shi ba. Tubali da azara kuwa sai an bi su da yaɓe da makuba, in aka yi sake damina biyu ko uku, zanko ya fara zubewa. Amma da rani ka shiga zauren ƙasa ka ji sanyin da siminti ba zai ba ka ba.

Abin da ke damu na shi ne yadda ake rushe zaure a kafa get ɗin ƙarfe saboda mota, baƙo ya zo ya tsaya a rana yana buga waya a buɗe masa.