Antaktika ko Sibalbad: ina aka fi ganin dabbobi?

Hajiya, kin tambaya ko akwai tafiyar jirgin ruwa guda da za ta haɗa miki farin beyar da tsuntsun fengwin. Da wuya ki same ta. Beyar a can ƙuryar arewa yake, fengwin kuma a kudu, don haka sai kin zaɓi ɗaya.

Ta kudu, wato Antaktika, daga garin Ushuwaya na Ajantina ake tashi, tsakanin Nuwamba da Maris. Sai an sha kusan kwana 2 ana ƙetare mashigin Drek, ruwan da ya yi ƙaurin suna wajen girgiza jirgi, kafin a ga tudu. Amma da an isa, ba sai an je neman dabbobi ba. Fengwin ne dubbai a kan duwatsu, warin kashinsu ma shi ke fara yi miki maraba. Za ki ga ɗaya ya ɗauko tsakuwa da baki yana gyara sheƙa, maƙwabcinsa ya faki idonsa ya sace. Ƙa'ida ta ce a bar tazarar mita 5, su kuwa ba ruwansu da ƙa'ida, sukan tako har gaban takalmin mutum. Manyan kifayen nan na wel sun fi yawa a Fabrairu da Maris. Abin kallo kuma fari ne da shuɗi: curin ƙanƙara na yawo a kan ruwa, wani ya fi gidan bene tsayi. Ba bishiya, ba gari. Ki duba girman jirgin tun kafin ki biya, domin wanda ya ɗauki sama da fasinja 500 ba a barinsa ya sauke kowa.

Sibalbad kuwa tsibirai ne can ƙuryar arewa, a ƙarƙashin mulkin ƙasar Norwe. Jirgin sama ake hawa daga Oslo zuwa Longyarbiyen, babban garin tsibiran, a shiga na ruwa, galibi daga Yuni zuwa Agusta. Nan harkar sa'a ce. Ana iya wuni ana leƙe da tabarau mai hangen nesa, a ƙarshe a hango beyar ɗaya can yana takawa a kan ƙanƙara. Doka ba ta yarda a matse shi ƙasa da mita 300 ba, kuma jagora ba ya sauka sai da bindiga. Sai dai ƙasar ta fi launi: akwai walrus, wata ƙatuwar dabbar ruwa mai haure biyu, kwance a yashi, da barewar ƙanƙara, da dila, da ƙananan furanni a Yuli.

Rana ba ta faɗuwa a can daga wajen ƙarshen Afrilu har cikin Agusta, ki tuntuɓi malami kan lokutan salla tun a gida. Tsibiran ba sa neman biza, amma hanyar ta Norwe take, dole sai da ta Shengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai.

Ni a ganina, tunda dabbobi kike son gani ido da ido, kudu za ki nufa. In kuwa jiri na saurin kama ki a ruwa, to Sibalbad ta fi miki sauƙi.