Darussan murya kan rikicin jari-hujja da masu turi ke sakawa a waya

A wajen masu turin waya a Sakkwato ana samun wasu darussa takwas na murya, da Hausa, da wani malamin tattalin arziki ya naɗa kan yadda Karl Marx ya fassara rikicin jari-hujja, da abin da ya sami ƙasashen da suka bar gurguzu. Kowanne ya kai kimanin minti 40. Mun saurare su duka, kuma sun cancanci kuɗin turi, sai dai akwai gyara.

Darasi na biyu ne ƙashin bayan sauran. Nan malamin ya yi lissafin raguwar ribar jari a fili: mai masana'anta ya zuba naira miliyan 80 a injuna da kayan aiki, miliyan 20 a albashi, ma'aikata suka samar masa da rarar miliyan 20. Ribarsa kashi 20 cikin ɗari ke nan. Gasa ta tilasta masa ƙara injuna har miliyan 180, albashi da rara suna nan yadda suke, sai riba ta koma kashi 10. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe hujjar Marx cewa daga gumin ma'aikaci rara take fitowa. Abin da malamin ya tsallake shi ne Marx da kansa ya lissafa abubuwan da ke taka wa wannan raguwa birki, irin su danne albashi, arahar injuna da cinikin ƙetare.

Misalin albasa da ya kawo a darasi na uku, don bayyana cunkoson kaya a kasuwa, bai zauna ba. Faɗuwar farashinta lokacin kaka a Goronyo ko Wurno matsalar ajiya ce da yanayi. Cunkoson kayan da Marx ke nufi shi ne kaya su cika sito alhali masu bukata suna nan, aljihunsu ne babu komai.

A kan Rasha kuwa, darasi na huɗu zuwa na shida, malamin ya yi aiki. Ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Ranar 2 ga Janairun 1992 gwamnatin Boris Yeltsin, bisa tsarin ministansa Yegor Gaidar, ta saki farashin yawancin kayayyaki lokaci ɗaya. A shekarar hauhawar farashi ta kai wajen kashi 2,500, ajiyar mutane a banki ta zama toka. Daga Oktoba aka fara raba wa kowane ɗan ƙasa takardar rubul 10,000 ta sayen hannun jari. Mai yunwa ba ya ajiye takarda, sai ya sayar da arha, manajoji da dillalai suka tattare. A 1995 bankuna suka ba gwamnati bashi da jinginar hannun jarin manyan kamfanoni, gwamnati ba ta biya ba, kamfanin ma'adinai Norilsk Nickel ya faɗa hannun attajiri Vladimir Potanin, kamfanin mai Yukos hannun attajiri Mikhail Khodorkovsky. Arzikin da ƙasar ke samarwa ya ragu da kusan kashi 40, kuma a Agustan 1998 ta kasa biyan bashinta na cikin gida. Duk ɗan Najeriya da ya ga SAP na Babangida a 1986, ko cire tallafin mai da sakin naira a 2023, zai ji abin a jikinsa, domin jerin matakan yana da kama.

Babban aibin darussan shi ne Poland ba ta samu ko minti biyar ba. Ita ma, bayan barin gurguzu, ta sha irin wannan magani a Janairun 1990 ƙarƙashin ministan kuɗinta Leszek Balcerowicz, amma a 1992 ta fara farfaɗowa, bayan ƙasashen da ke binta sun yafe mata rabin bashinsu a 1991, kuma ba ta yi gaggawar sayar da manyan kamfanoninta ba. Wannan yana nuna cewa ƙarfin hukuma da tsarin matakai suna da tasiri. Haka kuma malamin ya yi shiru kan dogayen layukan abinci na ƙarshen zamanin Tarayyar Sobiyet, kamar tsarin lafiyarsa ƙalau kafin a taɓa shi. Ɗalibi na bukatar jin wannan.

Sautin darasi na bakwai, kan Sin, yana da ƙarar janareta a mintuna goma na farko, sai da abin kunne ake fahimta. A ce wa mai turi ya sa wa darussan lamba 1 zuwa 8 kafin ya tura, don wasu wayoyin suna cakuɗa su, kuma wanda ya fara da na huɗu bai ji na biyu ba zai ɓace a lissafi.