'Yan wasan da muka ɗauka ranar kamu a Ƙofar Ƙaura

Ranar kamun ɗiyar yayarmu muka ɗauko wasu 'yan barkwanci su shida da ake yayi a gidajen biki. Ana idar da la'asar suka iso, lasifikarsu tas, mai kalangunsu hannunsa da daɗi, kuma kuɗin da muka yi ba su ƙara ko sisi ba.

Sai aka zo wasan kishiyoyi. Ƙarti biyu suka fito da zani da gyale. Ɗaya ya sha hoda, shi ne amarya. Ɗayan ya shafe fuska da baƙin tukunya, ya cusa tsumma a ƙirji, wai uwargida ce baƙa mummuna da miji ya gaji da ita. Yana murguɗa baki yana kwaikwayon naƙuda, maza a bayan rumfa suna tafi. Amaryarmu baƙa ce wuluk kamar ni. Ina kallonta ta sunkuyar da kai cikin mayafi tana murza lallen hannunta.

Ƙanwata mai koyarwa ta raɗa mini, "Yaya, abin da Turawan Amurka suka yi wa baƙar fata ke nan." Tun wajen 1830 wani Bature, Thomas Rice, yake shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon bawa mai suna Jim Crow, sunan da daga baya aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata. BBC ma ba ta daina irin shirin ba sai 1978. A 2015 Mary Cheney, ɗiyar tsohon mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney, ta tambaya a Facebook me ya sa ake ƙyamar shafa baƙi a fuska amma ake tafa wa namijin da ya yi shigar mata, aka yi mata ca.

Ban bi ƙanwata gaba ɗaya ba. Wancan wasan bauta ce da bulala a bayansa, ba zan haɗa shi da kowane namiji mai ɗaura zani ba. Amma na gabanmu ya haɗa biyun a fuska ɗaya: ya ari jikin mace, ya ari baƙar fata, ya mai da su abin dariya a gaban yarinyar da ba za ta wanke nata da sabulu ba.

Washegari shugabansu ya zo karɓar cikon kuɗi na faɗa masa. Ya ce, "Hajiya, ai shi jama'a suka fi so." Duk wadda za ta ɗauke su, tun ranar ciniki ta ce su bar baƙin tukunyar a gida.